Aji uku ba karatu: maimaita aji, makarantar kuɗi, ko lesin na sautuka?

Ranar da aka ba da hutun zango na uku ƙanwata ta shigo gidana da takardar sakamakon ɗanta a naɗe cikin hijabi. Ko zama ba ta gama yi ba ta miƙo mini. "Yaya, ka duba mini. Babansa ya ce a maimaita masa aji, ni kuma na ce a cire shi a kai shi makarantar kuɗi. Kai ne malami, ka raba mana gardama." Yaron shekararsa tara, ya gama aji uku, ya zo na kusa da ƙarshe. Shi ne kuma wanda ya haddace izu biyar a Islamiyya, shi ake aika kasuwa ya dawo da canji daidai, kuma idan fitilar caji ta lalace a gidan shi ke kwance ta ya mayar.

Na ɗauko littafin Hausa na aji ɗaya na buɗe shafin ba, be, bi, bo, bu. Ya rera shi tiryan-tiryan kamar waƙa. Sai na rufe layin da tafin hannu na bar "bo" kaɗai. Ya yi shiru, ya kalli fuskata, ya ce "da". Na rubuta masa "tulu", ya ce "tuwo". Na ajiye littafin na ce masa, da baki kawai, "Faɗi gida, amma ka cire gi." Ya daɗe yana murza yatsu kafin ya ce, "Kawu, ban gane ba." A nan na daina zargin wasa da lalaci.

Abin da na zarga shi ne abin da masana ke kira disleksiya. Sunan ne baƙo a kunnenmu, yaran kuwa mun san su: su ne waɗanda muka taso muna ji ana ce wa daƙiƙi, ko kansa ba ya ja, ko ƙwaƙwalwar kifi. Likitan ido ne ma ya raɗa sunan, wani Bajamushe mai suna Rudolf Berlin, a 1887. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14 wanda malaminsa ya ce da a ce da baki kawai ake koyarwa da babu wanda zai kamo shi a makarantar, amma ko sunansa yakan rubuta a birkice. An daɗe ana ɗauka matsalar ido ce. Inda bincike ya fi tsayawa yanzu shi ne wajen sauti: yaron yana shan wuya wajen yanka kalma gunduwa-gunduwa zuwa sautukanta, da ɗora kowane sauti a kan harafinsa. Shi ya sa tambayar "gida" ta fi littafin faɗa mini gaskiya, tunda babu ko harafi ɗaya a gabansa. Ƙungiyar disleksiya ta Birtaniya tana ƙiyasta mutum ɗaya cikin goma, sai ka lissafa nawa ke zaune a ajin da ke da yara 70. Abin kuma yana bin jini. Baban yaron nan ɗan kasuwa ne da lissafi ba ya kuɓuce masa, amma har gobe saƙon murya yake turawa a waya, ko da magana biyu ce.

Sai dai a yi hattara. A makarantunmu ba duk yaron da bai iya karatu ba ne ke da wannan lalura. Da yawa ba a taɓa koya musu yadda ya kamata ba ne kawai. Kafin komai a kai shi a duba ido da kunne, don yaron da kunnensa ke ruwa ko ba ya hango allo zai yi kama da wannan. Rahoton da Jim Rose ya miƙa wa gwamnatin Ingila a 2009 ya ce hanya mai kyau ta gane tsananin matsalar ita ce a koyar da yaron da ingantacciyar hanya a ga yadda zai karɓa. Wannan ya yi mana daidai, mu da masu gwajin ƙwararru suka yi mana ƙaranci da tsada. Koyarwar da mai disleksiya ke buƙata ita ce dai wadda yaron da ba a koya wa ba ke buƙata. Bambancin, wanda ba a koya wa ba zai kama cikin 'yan makonni, mai disleksiya kuwa sai an jure.

Zan fara da shawarar babansa don ita ta fi saurin ƙarewa. Maimaita aji ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma yana da kamar hankali a ciki: bai iya na aji uku ba, me zai je yi aji huɗu? Matsalar ita ce abin da ya rasa ba a aji uku ake koyar da shi ba. A aji ɗaya aka bar shi, kuma babu malamin aji uku da zai koma kan a, e, i, o, u saboda yaro guda. Zai sake zama kan benci ɗaya, allo ɗaya, hanya ɗaya, wannan karon tare da ƙannen abokansa suna yi masa dariya. Cibiyar Education Endowment Foundation ta Ingila, wadda ke tattara sakamakon binciken ilimi, ta samu cewa a galibi yaran da aka maimaita wa aji ci gabansu bai kai na irinsu da aka bari suka wuce ba, kuma sun fi saurin barin makaranta. Inda zan yarda da shi guda biyu ne: yaron da aka sa makaranta da wuri ƙwarai, ko ya yi doguwar jinya ya rasa zango biyu. Namu ba ya cikinsu.

Akwai kuma masu cewa a kai shi makarantar masu buƙata ta musamman. Irin waɗanda muke da su, kamar ta Tudun Maliki a Kano, an gina su ne don kurame da makafi, ƙwarewar malamansu maganar hannu ce da rubutun makafi. Aiki ne babba, amma wani aikin ne daban da wanda yaron nan ke nema.

Shawarar ƙanwata ita ta fi ɗaukar hankali, kuma ita na fi jin tsoro, don ita ce mai cin kuɗi. Gaskiya tana da abin da take hange. A makarantar kuɗi mai kyau aji ba ya cika, malami ya san sunan kowa, ana duba aikin gida, iyaye na da bakin magana tunda su ke biya. Yaron da ya ɓace cikin yara 70 zai fito fili cikin 25. Amma a tambayi abin da aka fi tallatawa a allon ƙofar irin waɗannan makarantu: Turanci zalla, har da tarar wanda aka kama yana Hausa. Ga yaro mai disleksiya a nan gizo ke saƙa.

Rubutun Turanci na cikin mafi rikici a duniyar boko. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, kuma harafi ɗaya yana iya sauya murya sau da yawa. Dubi though da through da tough da cough: wutsiyarsu ɗaya a ido, furucinsu huɗu a baki. A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa sun gwada yaran aji ɗaya a harsunan Turai 13. A ƙarshen shekarar farko yaran da ke karatu da harshen Finlan, Girka, Italiya, Sifaniya da Jamus suna karanta fiye da kashi 90 cikin ɗari na saukakan kalmomi daidai, masu Turanci kuwa kusan kashi 34 kacal. Kuma waɗannan yara ne da suka sha Turancin a nono, ba kuma masu disleksiya ba. Wani binciken na 2001 da Eraldo Paulesu ya jagoranta ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu disleksiya daga Italiya, Faransa da Ingila. Alamar da aka gani a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa iri ɗaya ce a duka ukun, amma 'yan Italiya sun fi sauran karatu daidai, saboda rubutunsu ba ya yaudara.

Bokon Hausa yana sahun Italiyanci a wannan fanni. Abin da ka gani shi za ka furta, gaɓoɓinmu gajeru ne, yawancinsu baƙi da wasali: tabarma ma in ka yanka ta, ta-bar-ma ce, ba ɓoyayyen harafi. To, yaron da yanka sauti ke ba wuya, a ce ya koyi yankan a harshen da bai san ma'anar kalmominsa ba, a rubutun da ba ya cika alkawari, kaya uku ke nan a kai ɗaya. Da Hausa saura ɗaya. Idan ya haɗa "ra" da "go" kunnensa zai ce masa rago, ya san ya yi daidai ba sai malami ya gyaɗa kai ba. Wannan ɗan daɗin na gane kalma da kansa shi ke sa yaro ya sake gwadawa.

Ban ce Hausa ba ta da nata ƙayoyin ba. Yaron Bature b da d kawai ke rikita shi, namu b da d da ɓ da ɗ, 'yan huɗu masu kama da juna, ga k da ƙ, ga tagwaye irin su sh, ts, ky, gw da ƙw. Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, don haka "gari" na iya zama na zama ko na tuwo, "kuka" na ido ko na miya, sai jimla ta raba. Amma waɗannan ana iya ƙirga su a koyar da su ɗaya bayan ɗaya. Na Turanci ba sa ƙirguwa a yatsu. Kuma dabarar da yaro ya kama da Hausa, cewa kowane harafi murya gare shi kuma ana jera su daga hagu zuwa dama a haɗa, tana binsa zuwa Turanci. M, n, t, s, f, l da wasu da dama muryarsu kusan ɗaya ce a harsunan biyu. A kan wannan tunanin aka gina littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a firamaren Sakkwato da Bauchi, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara. Wanda ya samu kwafinsu wajen wani malami ya riƙe da kyau.

Saura lesin, kuma a nan mutane suka fi asarar kuɗi ba tare da sun sani ba, domin abu biyu ne ake kira da suna ɗaya. Na farko shi ne wanda kowa ya sani: malami ya zo bayan la'asar, ya buɗe jakar yaro, ya taya shi aikin gida, in lokaci ya ƙure ya rubuta amsar a gefe yaron ya kwafa. Littafi zai cika da jan biro mai kyau, maki zai ɗan tashi, iyaye su yi murna. Ga yaro mai ƙarfin hadda irin namu wannan ya fi komai haɗari, don zai haddace shafin gaba ɗaya ya "karanta" maka shi idonsa na kallon taga. Shekara biyu sai a gano tsugune ba ta ƙare ba.

Na biyu ba ruwansa da aikin gida. Yana komawa tushe, yana tafiya bisa tsari: wasa da sauti da baki kafin a taɓa biro, sannan harafi ɗaya ko biyu a lokaci guda, a ji shi, a faɗe shi, a zana shi da yatsa a faranti mai yashi, a haɗa shi da waɗanda aka riga aka sani, a karanta gajerun jimloli da babu baƙon harafi a cikinsu, a yi shifta, gobe a fara da bitar na jiya. Ba a wucewa sai na baya ya zauna. A Amurka ana danganta wannan salo da likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham tun shekarun 1930, kuma za ka ga wasu cibiyoyi na manna sunayensu a talla suna ninka farashi. Kada sunan ya ruɗe ka. Wani nazari na 2021 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi bai samu hujja mai ƙarfi cewa shirye-shirye masu wannan tambari sun fi sauran ingantattun hanyoyi ba. Abin da ke aiki shi ne tsarin da maimaicin. Shirin koyar da sautuka na Jolly Phonics da aka horar da malaman gwamnati da dama a kai, mai sautukan Turanci 42 da ke farawa da s, a, t, i, p, n, shi ma kan wannan turba yake, sai dai an tsara shi ne don aji guda na masu farawa, saurinsa ya fi ƙarfin mai disleksiya in ba an rage ba.

Abin dariya, mu ba baƙin wannan tsari ba ne. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san ba a tsallake babbaƙu a faɗa farfaru, ba a kuma wanke allo sai an biya. Har sunayen da aka laƙaba wa haruffa, ha kuri, kaf lasan, ɗa mai hannu, dabara ce ta manna siffa a ƙwaƙwalwa. Yaro ya riƙe alƙalami, ya ji ƙamshin tawada, ya faɗa da ƙarfi. Abin da za a bari a can shi ne dorina, don tsoro ba ya buɗe wa irin wannan yaro komai, rufe shi yake ƙara yi. Kuma a lura, haddar izu biyar ba ta nufin yana karanta Larabcin; haruffan ba da ta da sa ɗigo ne kawai ya raba su, a gwada shi a shafin da bai taɓa ji ba.

Nawa ne adadin da ake buƙata? Akwai ma'auni mai amfani daga binciken Joseph Torgesen a Fulorida, 2001. Ya ɗauki yara 60 'yan shekara 8 zuwa 10 masu matsanancin rauni a karatu, aka ba kowanne malami shi kaɗai, zama biyu na minti 50 kullum har mako takwas, jimla awa 67 da rabi. Karatunsu daidai ya ɗaga sosai kuma bai koma ba bayan shekara biyu, kusan kashi 40 cikin ɗari aka cire su daga ajin tallafi. Saurin karatu ne bai kamo na tsaransu ba. Darasi biyu na ɗauka daga nan. Na ɗaya, shekara tara ba a makara ba, amma kada a yi wa iyaye alkawarin yaron zai zama mai karanta labarai a rediyo. Mai yiwuwa har girmansa a hankali zai riƙa karatu. Na biyu lissafi ne. Minti 30 kullum, kwana biyar a mako, zai cika awa 67 da rabi cikin mako 27, wajen zango biyu. Lesin na awa ɗaya ranar Asabar sai ya shekara ɗaya da wata uku bai kai ba, ga mantuwa tsakanin Asabar da Asabar. Gara gajere kullum da dogo jefi-jefi.

Wajen tsada, malami na minti 30 a rana bai kai kuɗin makarantar kuɗi mai kyau ba in aka haɗa da yunifom, littattafai da kuɗin mota. Wahalarsa samun mutumin. Akwai sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos, ga kwalejin tarayya ta Oyo da aka keɓe wa wannan fanni, ana iya dacewa da wanda ya fito daga can. In ba a samu ba, malamar aji ɗaya mai haƙuri da ta yi horon sautuka ta fi mai digiri da bai taɓa koyar da ɗan shekara shida ba. Tambaya ɗaya ta isa tantancewa: "Me za ki koya masa a makon farko, me kuma zai biyo baya?" Wadda ta lissafa maka haruffa bi da bi, ɗauke ta. Wadda ta ce sai ta ga abin da aka ba shi a makaranta, irin lesin aikin gida ne.

Lesin kaɗai kuma ba zai wadatar ba in safiya ta ci gaba da zama azaba. Abin da ake roƙo wajen hedimasta ba ya cin ko kwabo: a zaunar da shi gaba, a daina tsayar da shi ya yi karatu a bainar aji ba shiri, kada a doke shi kan kuskuren rubutu, a rage masa kwafar allo, a karanta masa tambayoyin jarrabawar lissafi da kimiyya da addini tunda ba karatu ake gwadawa a nan ba, a ƙara masa lokaci. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta tanadi haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, amma a ganina gaisuwa da zama da malamin aji sun fi ambaton doka saurin biyan buƙata. A gida, uwa ko yaya su karanta darasin zamantakewa a saƙon murya na WhatsApp ya saurara, don kada iliminsa ya tsaya jiran karatunsa. Tabarau masu launi da atisayen ido da ake tallatawa kuwa, ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun fitar da sanarwa tun 2009 cewa babu hujjar suna magance disleksiya. A bar kuɗin a aljihu. Addu'a da zuma da zabibi ba wanda ya hana, su ma ba su hana zaman minti 30 ba.

Yaushe ne canza makaranta ke zama daidai? In an je an zauna da su sau biyu, sau uku, bulala ba ta tsaya ba, ko yaron ya fara ciwon ciki kowace safiyar Litinin. A nan a cire shi, ko da zuwa wata ta gwamnatin ce. In kuma ta kuɗin za a je, kada a tsaya kallon fenti da motar ɗaukar yara. A nemi shiga aji ɗaya a ga yadda ake koyar da karatu, a tambaya ko akwai wanda ke zama da yaran da aka bari a baya, sau nawa a mako, kuma ko za su yarda a yi masa bayani da Hausa. Makarantar da ta amsa waɗannan da kyau ta fi lesin, don ta haɗa safe da yamma wuri ɗaya. Ba su da yawa.

Ƙanwata ba ta ji daɗin hukuncina ba a ranar, ta riga ta ɗinka wa sabuwar makarantar buri. Babansa ma ya ce yaro aji huɗu a mayar da shi ba, be, bi ai abin kunya ne, na ce a ɗaki za a yi, ba a tsakar unguwa ba. Ya wuce aji huɗu a makarantarsa. Wata malamar aji ɗaya da ke layinsu tana zuwa bayan la'asar, Litinin zuwa Juma'a, da farantin yashi da katunan da ta yanka daga kwalin sabulu. Mako uku suka yi kan b da d kafin ta bari ya ga ɓ. Turanci sai a wata na biyar ta fara shigo da shi.

Kwanan baya na ɗauke shi a babur za mu gidan kakarsa, muka tsaya a danja bayan wata tifa. Na ji yana motsa baki a bayana, a hankali, gaɓa-gaɓa. "Ha... ƙu... ri... ma... ga..." Motar ta ja kafin ya ƙarasa. Ya daki kafaɗata ya ce, "Kawu, bi ta, saura kaɗan."